Huhun Da Ba Ka Ga Cikinsa Ba: Fayilolin RAR a Kan Linux

  

Tun da kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum daga Windows 10 a watan Oktoban 2025, na lura samarinmu da dama sun fara waiwayar Linux. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu 'yan kwatano ne da aka sayo a Computer Village ta Ikeja, wasu sun shekara goma suna aiki, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau kwamfutar da injinta ya tsufa, ko wadda ba ta da ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0. To mutum bai da kuɗin sabuwa, tsohuwar kuma lafiyarta lau, sai a ce masa ya sa Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne, ba nauyi. Ni na riga su shiga da kamar shekara biyu, shi ya sa a unguwarmu aka mayar da ni malamin dole. Kuma kusan duk wanda na sa wa, ba ya cika mako sai ya dawo da tambaya guda: an turo masa fayil mai .rar a ƙarshen sunansa, ya danna, ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe rabi ya tsaya.

Amsar wannan tambaya ba ta cin minti biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne fahimtar da mutum cewa ba buɗewar ce matsala ba, a'a, abin da zai biyo bayanta.

Mahaifina goro yake saye a nan Sabo ta Shagamu, ana lodawa zuwa kasuwar Mariri a Kano, don haka da huhu na fara gane wannan abu. A shimfiɗa ganye, a zuba goro, a rufe, a ɗaure da igiya tam. Wanda ya karɓa a can bai san abin da ke ciki ba sai ya kwance. Amana ce kawai tsakaninsa da wanda ya ɗaure. Fayil ɗin RAR haka yake. Ana tattara fayiloli da yawa a ƙunshe su wuri guda, a matse su don su rage girma. Rubutu yana matsuwa sosai, amma sautin mp3 ko bidiyo ba sa raguwa wani abin kirki, domin dama a matse suke. Abin da ya sa RAR ya yi farin jini tun zamanin da intanet ke rarrafe shi ne yana iya yanka babban kaya gida-gida, part1, part2, part3, a sauke ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya saka masa ɗan ƙarin bayani na gyara, ta yadda ko wani ɓangare ya lalace a hanya za a iya ceto shi. Mu nan ta hanyoyi da yawa yake zuwa mana: tarin littattafan addini na PDF, karatun tafsirin azumi baki ɗaya, tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, sannan uwa uba fayilolin filashin na wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda masu gyaran waya ke saukewa kullum.

Wani injiniya ɗan Rasha mai suna Eugene Roshal ne ya ƙirƙiro shi a 1993, kuma daga sunansa aka samo harufan RAR. WinRAR, manhajar da kowa ya sani mai hoton littattafai uku ɗaure da bel, ta fito a 1995. Haƙƙin mallaka yana hannun ɗan'uwansa Alexander, wani kamfani kuma a birnin Balin na Jamus ne ke sayarwa. Kowa ya san wasan da ake yi da ita: kwana 40 na gwaji, daga nan ta riƙa roƙonka ka biya, kai kuma ka riƙa rufe saƙon har shekara biyar. To a nan ne bambancin yake da Linux. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, an gina shi ne a kan cewa kowa na da damar ganin yadda aka rubuta manhaja, ya gyara, ya raba wa wasu. Su Roshal kuwa sun ba da rabi ne sun riƙe rabi. Sun fitar da rubutun abin kwancewa, wato unrar, kowa ya gani, ya yi amfani da shi kyauta, amma da sharaɗin ba za a yi amfani da shi a sake ƙera hanyar ɗaurewa ba. An ba ka wuƙar yanke igiya, an hana ka koyon ƙulli. Saboda wannan sharaɗi ne Debian ta ajiye unrar a sashen da take kira non-free, Ubuntu kuma ta sa shi a multiverse, kuma ba ya zuwa da kwamfutar sai ka nema da kanka.

Ni dai ban ga laifin mutumin ba. Guminsa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya zagin wanda ya riƙe sirrin sana'arsa. Sai dai akwai abin da ya biyo bayan wannan da mutane ba su sani ba: Ubuntu ba ta yi alkawarin cewa masu kula mata da tsaro za su riƙa bin kayan multiverse suna toshe ɓaraka kamar yadda suke yi wa na babban sashe ba. Ashe ke nan abin da za ka riƙa kwance kayan baƙi da shi, shi ne kuma wanda ba a tsaya masa sosai ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Samo abin buɗewar ba wuya. Ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, wato Terminal, ka rubuta:

sudo apt install unrar

Shi ke nan. Akwai kuma unar, wanda wasu daban suka rubuta tun daga tushe ba tare da wancan sharaɗi ba, yana zuwa da ɗan'uwansa lsar mai nuna abin da ke ciki. Akwai unrar-free, akwai 7-Zip na Igor Pavlov, shi ma ɗan Rasha, wanda ɓangarensa na RAR yake a kunshi daban saboda sharaɗin dai. Ni biyu nake ajiyewa, unrar da unar. In ɗaya ya gaza, ɗayan kan yi. Abin da kawai nake roƙon jama'a shi ne su ɗauko daga rumbun manhajoji na Ubuntu ko Mint ɗin da kansa. Kada ka ga wani a YouTube ya ce kwafi wannan dogon layi ka liƙa a Terminal, ka liƙa ba ka san abin da yake cewa ba. Kada kuma ka je shafukan nan da ke cewa ka ɗora fayil ɗinka su kwance maka kyauta. In littafin Ahalari ne a ciki, to da sauƙi. In kuwa takardun kasuwa ne, ko hoton katin NIN da lambar BVN na mutane, ka kai wa wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba, ka ce ya buɗe ya riƙe kwafi. Na ma ga wanda ya sa Wine, manhajar da ke sa kayan Windows su yi aiki a Linux, don kawai ya ɗora WinRAR ta sata da ya samo a wani shafi. Wannan ya gudu daga ruwa ne ya faɗa rijiya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Akwai wani zance da ke yawo a tsakanin samarinmu cewa Linux ba ya kamuwa da cuta. Wanda ya sa shi jiya, yau sai ka ji yana faɗin haka da ƙarfi a majalisa. Gaskiyar da ke ciki ita ce yawancin cututtukan da ake rabawa don Windows aka ƙera su, kuma fayil mai .exe ba ya tashi a Linux haka kawai. Amma mai karatu ya saurari abin da ya faru a 2022.

A shekarar, masu bincike na kamfanin Sonar suka gano ɓaraka a cikin unrar na Linux da kansa, duk wanda bai kai lamba 6.12 ba. A Linux akwai wani irin fayil wanda shi ba komai a cikinsa, nuni kawai yake yi zuwa wani wuri, kamar yaron da za ka tambaya ya ce maka gidan yana can. Ana iya saka irin wannan ɗan nuni a cikin ƙunshi. Don kada ya nuna waje da foldar da ake kwance kaya, unrar yana dubawa ko akwai alamar komawa baya, wato ɗigo biyu da sanda mai karkata gaba. To amma Windows da sanda mai karkata baya take raba sunayen folda. Sai mugu ya rubuta hanyar da sandar Windows, mai gadi ya duba bai ga abin da yake nema ba, ya ce wuce. Bayan an wuce ne unrar yake juya sandunan zuwa na Linux, sai ga hanya ta buɗe zuwa duk inda aka ga dama a kwamfutar. Daga nan sai fayil na biyu da ke cikin ƙunshin ya bi ta wannan ƙofa ya sauka inda ba a aike shi ba. An gyara a watan Mayun 2022, amma waɗanda ba su sabunta ba sun sha wuya, musamman hukumomi da kamfanonin da ke amfani da Zimbra wajen karɓar imel. Ita Zimbra tana kwance duk ƙunshin da aka turo ne da kanta don ta duba ko akwai cuta, ka ga ke nan ba sai wani ya danna komai ba. Turowar kawai ta isa. A watan Agustan shekarar hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka wannan ɓaraka a jerin waɗanda aka tabbatar ana kai hari da su. A 2023 ma an sake samun wata a ɓangaren da ke karanta fayilolin gyara, aka toshe a lamba 6.23.

Wani zai ce ai ni ba kamfani ba ne. Haka ne. Amma a cikin gidanka na kwamfuta akwai ɓoyayyun fayiloli irin su .bashrc, wanda ake karantawa duk lokacin da ka buɗe Terminal, da foldar autostart mai tayar da manhajoji da zarar ka shiga. Wanda ya iya ajiye layi biyu a ɗayansu ya gama da kai, ba tare da ka ga komai ya canja a allo ba. In kuma da sudo ka kwance, wato da ikon mai gida gaba ɗaya, to ba ɗakinka kawai ka buɗe masa ba, har da turakar. Shi ya sa nake cewa sudo na saka manhaja ne, ba na kwance kaya ba. Babu wani ƙunshi na halal da zai buƙaci haka.

Ga yadda nake yi, kuma ba wani ilimi ne mai zurfi ba, tarbiyyar kasuwa ce kawai. Da farko nakan rubuta unrar shi kaɗai, ya nuna mini lambarsa a layin farko. In ta yi ƙasa da waɗanda na ambata, sai na sabunta kafin komai, Ubuntu 24.04 dai da na 7 take zuwa. Sannan ba na kwancewa sai na karanta takardar kaya:

unrar lt kaya.rar

Wannan yana jero duk abin da ke ciki, da girmansa, da nau'insa, ba tare da ya fitar da ko ɗaya ba. A nan nake daɗewa. An ce mini littattafai ne, to me ya kawo fayil mai .exe ko .scr ko .sh ko .desktop? Me ya sa wannan yake da wutsiya biyu, .pdf sannan .exe? Me ɗan nuni yake yi a cikin tarin karatun tafsiri? Ina kuma duba girman da kayan za su kai in an kwance, in gwada da sararin da ya rage mini. Akwai wani shahararren ƙunshi da ake kira 42.zip, girmansa kilobayit 42 kacal, bai kai hoto guda ba, amma in aka bi shi aka kwance har ƙarshe yana kai petabayit 4.5, wato terabayit dubu huɗu da ɗari biyar. Ba RAR ba ne shi, amma dabarar ɗaya ce, kuma laftof mai gigabayit 128 ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin dubu na wannan kafin ta shaƙe.

In takardar ta yi daidai da abin da aka faɗa mini, sai in yi unrar t don a gwada ko kayan sun iso lafiya. Da yawan abin da mutane ke kawo mini suna cewa ya ƙi buɗewa, ba komai ba ne illa data ta yanke a tsakiyar saukewa, ko an turo part1 da part3 an manta da part2. Dole dukkan gidajen su kasance a folda ɗaya, ka kira na farko, sauran su biyo shi. Daga nan in buɗe sabuwar folda wadda ba komai a cikinta, ni kwando nake kiran tawa, in zazzage a ciki:

unrar x kaya.rar kwando/

Harafin x yana fitar da kaya da tsarin foldodinsu yadda aka jera su. Akwai e, wanda ke juye komai wuri guda, masu suna iri ɗaya su yi ta karo. Ba na son sa. Bayan nan sai umarnin file, wanda ba ya kula da sunan da aka raɗa wa fayil, cikinsa yake leƙawa ya gaya maka ko PDF ne na gaske ko manhajar Windows ce ta yafa mayafi. Sai ClamAV, maganin cuta na kyauta, in sa shi ya bi kwandon da clamscan -r. Ba ya kama komai da komai, amma ya fi babu. Akwai shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, da ke gwada fayil da magunguna kusan 70 a lokaci guda. Yana da amfani ƙwarai, sai dai abin da ka ɗora a can masu bincike na iya samunsa, don haka ba wurin kai takardun sirri ba ne. Dabarar ita ce ka ciro lambar shaidar fayil ɗin da sha256sum, ka nema da ita. In wani ya taɓa kai irinsa, za ka ga sakamakon ba tare da naka ya bar hannunka ba. Wanda kuwa raina bai kwanta da shi ba sam, kuma dole sai na ga cikinsa, ina da wata tsohuwar kwamfuta da ba komai a kanta, ina tayar da ita daga filashi, ba intanet, in buɗe a can.

Sai maganar kalmar sirri. Mutanenmu in suka ga an turo ƙunshi a kulle, ga kalmar sirrin a cikin saƙon, sai su ɗauka alamar muhimmanci ce. Ka tsaya ka yi tunani: wa ake ɓoye wa, tunda makullin yana rataye a jikin kwaɗon? Ba kai ake ɓoye wa ba, na'urorin binciken da ke hanya ake ɓoye wa. RAR na yanzu yana kulle kaya da tsarin AES-256, wanda ba maganin cutar da zai iya leƙawa ta cikinsa, har sunayen fayilolin ma ana iya rufewa. Ba na cewa duk mai kulle mugu ne. Masu raba fayilolin filashin suna yi don a ziyarci shafinsu ko a biya su. Amma kulle daga baƙo dalili ne na ƙara dubawa, ba na sakin jiki ba.

Bara, ana tsakiyar lodi, saƙo ya shigo wayar Baba ta WhatsApp daga lambar wani abokin cinikinsa na shekara da shekaru, ga hotonsa, ga sunansa. An rubuta cewa ga rasit na kuɗin da aka tura, a duba a saki kaya, da kalmar sirri 1234. Wayar ta kasa buɗewa, sai ya miƙo mini. Na mayar da shi laftof na jero abin da ke ciki. Fayil ɗaya ne, sunansa ya fara da rasit.pdf, sai fili mai tsawo, can ƙarshe inda ido ba ya kaiwa sai .exe.

Na ce, "Baba, wannan ba rasit ba ne. A kira Alhaji a ji daga bakinsa."

Ya ce, "Kai yaro, ba ga hotonsa nan ba?"

Na ce, "Hoton nasa ne, amma a dai kira, ta layi ba ta WhatsApp ba."

Da aka kira, ashe kwana biyu ke nan da aka ƙwace wa bawan Allah WhatsApp ɗinsa, yana ta bin mutane yana ba su haƙuri. Kuɗi kuwa bai tura ba tukuna.

Abin da ya tsaya mini a rai ba wai mun tsira ba ne. A kwamfutata wannan fayil ba abin da zai yi, tunda ban sa Wine ba. Gawa ce kawai. Amma ɗan baffana da ke riƙe mana lissafi a Kano Windows yake amfani da ita, kuma a al'ada duk rasit da ya zo, shi ake tura wa. A nan ne na ga inda haɗarin mai Linux yake. Ba lallai shi ya kamu ba, amma yana iya zama mai dakon cuta, ya karɓa lafiya, ya miƙa lafiya, ta je ta fashe a hannun wanda ya yarda da shi. Duk mai goro ya san sankara: ƙwaya ɗaya mai ita in ta shiga huhu, ba a wurin mai ɗauri take nunawa ba, sai an kai Arewa. Mu kuma zamanmu a kurmi gaba ɗaya a kan miƙa wa juna yake. Mai shagon turi yana zuba wa mutum hamsin karatu da fina-finai a memori a rana guda. Mai gyaran waya yana raba wa abokan sana'arsa duk fayil ɗin da ya yi masa aiki. Sakataren ƙungiya yana tura takarda ga kowa da kowa. Wanda ya karɓa daga hannunka ba ya dubawa, domin kai ne. Saboda haka in ka kwance ƙunshi ka ga littattafai goma da wani baƙon .exe guda, kada ka tura ƙunshin yadda ya zo don kai bai taɓa ka ba. Ka tsince littattafan ka tura su tsirara, ka goge sauran, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka, domin wataƙila shi ma bai sani ba.

Su ma 'yan'uwanmu da ke kan Windows a taimaka a gaya musu cewa WinRAR ba ta sabunta kanta, sai mutum ya je ya ɗauko sabuwa da hannunsa, kuma na sha ganin kwamfuta da ta shekara bakwai da wadda aka sa mata a shago. A farkon 2019 kamfanin Check Point ya bayyana wata ɓaraka da ta shekara 19 a kwance a cikinta, a ɓangaren da ke buɗe wani tsohon nau'in ƙunshi mai suna ACE. Sai a canja masa suna zuwa.rar, kana kwancewa ya jefa kaya a foldar da ke tashi tare da Windows. Maganin da aka yi shi ne cire ACE ɗin gaba ɗaya daga lamba 5.70. Ta 2023 ta fi ba ni tsoro, domin 'yan kasuwa aka nufa da ita, masu cinikin hannun jari da kuɗin kirifto. Kamfanin Group-IB ya gano cewa tun watan Afrilu ake raba musu ƙunshi da sunan dabarun ciniki. Mutum ya danna hoto ko PDF a cikin tagar WinRAR, sai wani abu daban ya tashi a ɓoye. Sun ƙirga na'urori aƙalla 130 da suka kamu, an kuma yi yunƙurin kwashe kuɗi daga asusun wasu, kafin a toshe a watan Agusta. A watan Yulin 2025 kamfanin ESET ya sake kama wata, ana turo ta da sunan takardar neman aiki, aka gyara a lamba 7.13. Wannan ta ƙarshe ba ta shafi Linux ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa duk abin da yake a buɗe tsarkakakke ne. A watan Maris na 2024 an kama ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin xz, wata manhajar matse kaya ta Linux wadda rubutunta ke a fili kowa na gani. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya ƙi haƙura, ya bi diddigi har ya tono ta, tun ba ta kai ga manyan fitowar Debian da Ubuntu da jama'a ke amfani da su ba. Rabin daƙiƙa! Ni da NEPA ta saba mini da jiran awa shida, ina zan lura.

Abu na ƙarshe ya shafi kayanmu na kanmu. Littafin bashin Baba, wane ya ɗauki huhu nawa, ya biya nawa, saura nawa, ni na mayar da shi cikin LibreOffice, kuma duk ƙarshen wata ina ƙunshe kwafi in ajiye a filashi biyu, in tura ɗaya Kano. Ban taɓa ƙunshe shi da RAR ba. A 2013 da aka fito da sabon tsarin RAR5, tsofaffin manhajoji sun kasa buɗe shi, masu rubuta na kyauta kuma suka ɗauki shekaru kafin su cim masa. Libarchive, wanda manhajoji da yawa na Linux ke dogaro da shi, sai a 2019 ya iya. A 2024 kuma WinRAR ta 7 ta daina ƙulla tsohon tsarin, ko da yake tana kwance shi. Mai abu shi ke yanke hukunci a kan abinsa, ba kuma zai yi shawara da mai goro a Shagamu ba. Zip kuwa, tun da Phil Katz ya fito da shi a 1989 aka wallafa yadda yake, kusan kowace waya da kwamfuta tana buɗe shi. In ina son kulle mai ƙarfi sai in yi 7z, shi ma a buɗe tsarinsa yake, kalmar sirrin kuma in faɗa wa ɗan baffana da baki a waya, ba a cikin saƙon ba. Masu turo mana takardu ma yanzu nakan roƙe su su turo PDF ɗin haka nan, ko hoto, tunda shafi ɗaya bai kai a ɗaure shi ba.

Littafin takardar dai yana nan a akwatin Baba, bai yarda a jefar ba. Ya ce nasa ba ya neman caji.